Yadda za ka koyi ces ta hanyar leƙa tunanin wanda ya fi ka da wanda ka fi

Duk wanda ya fara buga ces, wasan darar nan mai sarki da sarauniya da ake kira chess da Turanci, a waya akwai inda yake zuwa ya maƙale. Ya san yadda doki yake tsalle, ya san bishof ba ya barin launin gidan da ya taso, ya iya kasil, wato takun da sarki da ruk (ɗan nan mai siffar hasumiya) suke yi tare don ɓoye sarki a gefe, ya kalli bidiyo a YouTube har datarsa ta ƙare, amma makinsa, lambar da ke nuna ƙarfinsa a wasan, ya ƙi gaba ya ƙi baya, yau ya ci gobe a lallasa shi. Tun lokacin da ɗan Najeriya Tunde Onakoya ya yi zaman awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024 na ga samari da yawa a majalisu a nan Kaduna sun sauke manhajar wasan, kuma abin ya yi min daɗi wallahi. Sai dai yawancinsu in sun kai gaɓar maƙalewar nan sai su koma haddar buɗe wasa, wato tsararrun takun farko da kowanne ke da sunansa, wannan ya ce shi ɗan Sisiliyan ne wancan ya ce shi Landan yake bugawa, alhali kafin a kai taku na 15 za su ajiye doki a inda soja zai cinye shi a banza.

A ganina abin da ya kamata mutum ya ɗauko a wajen wanda ya fi shi shi ne tambayar da yake yi wa kansa kafin ya kai hannu. Takun da ka gani a allo ƙarshen magana ne, an riga an gama shari'ar a cikin kai. In ka kwafi takun gwani ka samu amsar wuri ɗaya ne kawai, gobe allo ya canza ka koma gidan jiya. In ka kwafi tambayarsa kuwa za ta bi ka kowane wasa.

Ɗauko allonka, in ba ka da shi buɗe allon nazari na shafin ces na Lichess, kyauta ne. Gidan kusurwar hannun damanka ya zama fari, kowace sarauniya a kan launinta. Layukan tsaye sunansu a zuwa h, na kwance 1 zuwa 8, gida 64 ke nan, saboda haka in na ce f7 ka san inda za ka duba. Kimar 'ya'yan kuma yadda aka saba ƙiyastawa: soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Dan Allah ka jera su ka riƙa turawa da hannunka kana karantawa, in ka karanta a kwance kawai ba zai shiga ba.

Allo ɗaya, kai uku

Fari ya tura soja e4, baƙi ya tura soja e5. Fari ya fito da sarauniya h5, baƙi ya fito da doki c6. Fari ya kawo bishof c4. Tsaya nan, baƙi ne da taku.

Ɗan koyo abin da idonsa ya gani shi ne sarauniya ta matso unguwarsu. Sai ya ce a ransa bari in kore ta, ya fito da doki f6, kuma yana jin daɗi don ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga ɗa ya fito ga hari a kan sarauniya. Sarauniya ta ci sojan f7, cekmet, wato an ritsa sarki ba mafita, wasa ya ƙare a taku na 4. Ka lura fa ba wai bai yi tunani ba, ya yi, dalilinsa ma mai kyau ne. Amma duk tunanin a kan takunsa ya tsaya, bai taɓa tambayar kansa me ya kawo bishof c4 ba.

Matsakaici da wannan tambayar yake farawa. Me mutumin nan yake so da takun da ya yi yanzu? Sai ya bi layin bishof da ido, d5, e6, f7. Ya bi layin sarauniya, g6, f7. Sun haɗu a gida ɗaya, kuma mai gadin f7 sarki ne shi kaɗai. Sai ya tura soja g6, ya toshe hanya kuma ya kori sarauniya. Fari ya dawo da ita f3, ta sake kallon f7 ta layin tsaye, sai a lokacin ya fito da doki f6 ya rufe layin. Ya tsira, ya yi ajiyar zuciya.

Gwani bai ɓata ko daƙiƙa biyar a kan tarkon ba, ya gan shi sau ba adadi. Shi lissafinsa daban ne: mutumin nan ya motsa sarauniya sau biyu ni kuma ina ta fito da 'ya'ya, ta ina zan sa ya biya wannan lokacin da ya ɓata? Idonsa na kan gidan d4, inda doki zai tsaya ya takura wa sarauniya yana kuma kallon c2. Ka ga in fari ya nace ya kai sarauniya b3, ita da bishof sun sake jeruwa a kan f7, matsakaici zai tsorata ya koma gadi. Gwani sai ya tura doki d4 abinsa, ya bar bishof ya ci f7 da cek, wato hari a kan sarki, sarki ya hau e7, fari ya kai sarauniya c4 don ta ci gaba da riƙe bishof ɗin, sai baƙi ya tura soja b5. Duba da kyau, babu gidan da sarauniya za ta je lafiya ta ci gaba da kare bishof, b3 da e6 doki na d4 yana gadi, d5 doki na f6 yana gadi. Bishof ya tafi, an ba da soja 1 an karɓi ɗa mai 3. Kowa ya ƙona rumbunsa ai ya san inda toka ke tsada.

Ga wani abu kuma da nake so ka gwada da hannunka. Koma baya, fari ya fito da sarauniya h5 a taku na 2, kai kuma ka tuna an ce g6 ne magani sai ka tura shi nan take kafin ka fito da doki c6. Sarauniya ta ci e5 da cek, tana kallon sarki tana kallon ruk ɗin h8, ruk ya tafi kyauta. Taku ɗaya ne, a wuri ɗaya magani a wani wurin guba, bambancin kawai akwai doki mai gadin e5 ko babu. Wanda ya haddace "g6" zai faɗa, wanda ya saba tambayar "me sarauniyar nan take kallo" zai ga tana kallon e5 da f7 duka tun farko.

Me gwanaye suke gani

Mutane da yawa sun ɗauka giranmasta, wato gwanin gwanaye a ces, yana hango taku 20 ne a gaba shi ya sa ya gagara. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, wanda shi ma ɗan ces ne, ya binciki wannan. Ya riƙa ajiye wa 'yan wasa allo ya ce su faɗi duk abin da ke zuwa musu a rai da baki yana rubutawa, cikinsu har da manya irin su Alekhine da Euwe da Keres, ya kuma yi haka da ƙwararrun 'yan kulob da ba su kai su ba. Ya fitar da binciken a 1946. Abin da ya gano shi ne yawan takun da suke dubawa da nisan lissafinsu bai bambanta sosai ba. Bambancin shi ne manyan tun a kallon farko takun kirki ne suke zuwa musu, su kuma na ƙasa sukan ɓata lokaci suna lissafi a kan takun da bai ma cancanci a duba ba.

A 1973 William Chase da Herbert Simon a Amurka suka ƙara a kai. Su nuna wa mutum allo na daƙiƙa 5 su rufe, su ce ya sake jera 'ya'yan. In daga wasan gaske aka ɗauko jerin, gwani yakan dawo da mafi yawansu daidai, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai ba tsari, sai fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Wato ba ƙwaƙwalwa ce ta daban Allah ya ba shi ba, sabo ne da tsari. Kamar yaro ne a makarantar allo da yake matakin babbaƙu da farfaru, harafi ɗaya ɗaya yake bi, shi kuwa wanda ya yi nisa kallo ɗaya yake wa layi ya karance. Ɗan koyo yana ganin sarki a g8 da sojoji uku a gabansa a matsayin 'ya'ya huɗu, gwani yana ganin abu ɗaya, sarkin da ya yi kasil wanda in ba a tura soja ɗaya a gabansa an buɗe masa taga ba ruk zai iya kashe shi a layin baya.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, gwani yana lissafi mai zurfi in wuri ya buƙata. Amma ya san inda zai kashe lissafin.

Wa za ka zauna da shi

A nan ne nake ganin ana kuskure. Mutum mai maki 700 a Chess.com zai zauna yana kallon wasan Magnus Carlsen, wanda makinsa na FIDE, hukumar ces ta duniya, ya taɓa kai 2882 a 2014, ko na Gukesh da ya zama zakaran duniya a Disambar 2024 yana ɗan shekara 18. Kallo ne mai daɗi, ni ma ina yi, amma tsakaninka da su akwai matakala da yawa kuma ba a hawa bene da tsalle ɗaya. Abubuwan da kake fama da su shi Carlsen ya daina ma ganinsu a matsayin tambaya tun yana yaro.

Wanda zai fi amfanarka shi ne wanda ya ɗara ka da maki kamar 200 zuwa 400. A tsarin lissafin maki na Elo, wanda FIDE ta fara aiki da shi a 1970, wanda ya fi ka da 200 ana sa ran ya samu kusan kashi 75 cikin 100 na makin wasanninku, wanda ya fi ka da 400 kuma wajen kashi 90. Ma'ana yana cinka amma kana gane da me ya ci ka, kuma bai manta ramukan da kake faɗawa ba don bai daɗe da fitowa daga ciki ba. In za ku kwatanta maki ku tabbatar shafi ɗaya ne, makin Lichess yakan fi na Chess.com yawa ga mutum ɗaya, kar wani ya zo majalisa yana cika baki da lambar da ba ta daidai da taka ba.

Zaman mutum uku

Wannan shi ne ainihin aikin. Ku haɗu ku uku, kai da wanda ya fi ka da wanda ka fi, ko a barandar gida ne bayan la'asar ko a bencin mai shayi, a makaranta ne kamar KASU ko Kadpoly ko a shago lokacin da kasuwa ta yi sanyi, allo ɗaya ya isa. Ku ɗauko wuri daga wasan gaske na ɗayanku, inda mutum ya tsaya ya rasa abin yi, kar ku ɗauko fozul, wato jerin da aka shirya don a nemo takun nasara, don shi fozul ya riga ya gaya maka akwai abu a ɓoye. Kowa ya kalli allo na minti 5, ba taɓawa, ba magana.

Mafi rauni shi zai fara magana, wannan doka ce kar a karya ta, don in babba ya fara shi kenan kowa zai ce ai ni ma abin da na gani ke nan. Kuma ba taku kawai za a faɗa ba, a faɗi komai tun daga abin da ido ya fara sauka a kai. Tambayoyin da za ka yi wa na sama da kai su ne me ka fara gani, me kake tsoro a nan, wane taku ne ya zo maka ka watsar kuma don me. Ta ƙarshen nan ta fi duka tsada. Takun da ya watsar galibi shi ne wanda kai za ka buga, kuma dalilin watsarwar shi ne darasinka na ranar.

Za ka ji irin wannan. Ƙarami ya ce, "Yaya, ga soja a banza a b7, me ya sa ba za a ci ba?" Babban ya ce, "Ƙanena, ci za ka yi da wa?" Ya ce da sarauniya. "To in ta tafi can wa ya rage a gida wajen sarkinka, kuma taku nawa za ta yi kafin ta dawo?" Sai yaro ya yi shiru yana ƙirga. Bai ba shi taku ba, ya ba shi tambaya, kuma wannan tambayar za ta dawo masa duk ranar da ya ga soja a banza. Kwaɗayi mabuɗin wahala, a ces kam kullum sai an gani.

Wani lokaci za ka tambayi babban gwani sai ya ce maka "haka kawai na ga ya dace". Kar ka ɗauka rowa ce ko girman kai, da gaske yake, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sai ka canza tambayar, ka ce Malam to in na buga kaza me za ka yi? Nan take zai nuna maka da hannu abin da ya kasa faɗa da baki.

Shi kuma wanda ka fi, kar ka raina amfaninsa. In ka ji ƙanwarka ko ɗalibinka yana faɗin tunaninsa za ka ji muryarka ta watannin baya, kuma in ka zo yi masa bayanin me ya sa takunsa bai yi ba a nan za ka gane ko ka fahimci abin da gaske ko dai ji ka yi ana faɗa. Sai dai a yi shi da mutunci, yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake faɗin abin da ke ransa ba, zai koma faɗin abin da yake ganin ana so a ji, zaman ya lalace ke nan.

Abu ɗaya da za a bari a wajen diraf kar a shigo da shi nan shi ne surutun 'yan kallo ana tsakiyar wasa. A ces in ana wasa shiru ake yi, kuma ɗan da ka taɓa shi za ka tura. In an gama sai a dawo da allo baya a buɗe baki, haka manyan 'yan wasa suke yi bayan gasa, wanda ya ci da wanda aka ci su zauna su bi wasan tare.

In ba ka da gwani a kusa

Ba kowace unguwa ke da wanda ya iya ba, wani yana Rigasa ko Kawo shi kaɗai ne mai allo a layinsu. To akwai hanya. Nemi tsohon wasan gwani, ka rufe takunsa, kowane taku ka fara rubuta naka da dalilinka a layi ɗaya kafin ka buɗe nasa. Wanda nake ba kowa shawara ya fara da shi shi ne wasan Paul Morphy na 1858 a gidan ofera na birnin Faris, taku 17 ne kacal kuma yana ko'ina a intanet.

Tsaya a taku na 8. Sarauniyar Morphy tana b3, sojan b7 ba mai gadi. Kusan duk ɗan koyo zai ci, matsakaici ma zai lissafa ya ga in ya ci baƙi zai kawo sarauniya b4 da cek a yi musayar sarauniya, ya ce ba laifi na fi shi da soja ɗaya, kuma gaskiya ne ba takun banza ba ne. Morphy doki ya fito da shi c3. Tambayarsa ita ce 'ya'yana nawa ne suke aiki, na baƙi nawa ne suke barci, kuma sarkin baƙi har yanzu yana tsakiya. Daga nan ya ba da doki a b5 don ya buɗe hanya, ya yi kasil ta dogon ɓangare ruk ya faɗo layin d kai tsaye, a taku na 16 ya ba da sarauniya a b8, ruk ya sauka d8 cekmet. Lokacin da wasa ya ƙare ruk ɗaya da bishof ɗaya suka rage masa banda sojoji, su kuma abokan karawarsa, mutum biyun da suka haɗu suna buga baƙi, bishof ɗin f8 da ruk ɗin h8 ko motsawa ba su yi ba. Duk inda takunka ya saɓa da nasa kar ka tsaya a "na faɗi", ka tambayi kanka shi me yake ƙirgawa da ni ban ƙirga ba.

A YouTube ma akwai gwanayen da suke buɗe sabon akawun su faro daga ƙaramin maki suna hawa suna faɗin tunaninsu a kowane taku. Irin waɗannan sun fi bidiyon tarko amfani nesa ba kusa ba. Ka kalli ɓangaren da suke buga da masu maki irin naka, ka tsayar da bidiyo kafin su taka, ka faɗi naka.

Naɗi tunaninka

Buga wasa mai minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, ko aƙalla na minti 10. Wasan minti 1 da na minti 3 hannu ne yake buga su, abin da ka riga ka iya kawai kake maimaitawa har da kwafsawarka, ga netwok ɗinmu da zai iya yanke ka ana tsaka da wasa. Kunna rikodar waya ka riƙa faɗin tunaninka a hankali kafin kowane taku, in kana jin nauyin a ji ka to rubuta a takarda da zarar an gama tun kan ka manta. Bayan wasa ka je wurin da abu ya lalace ka saurari me ka ce. Sau da yawa za ka ji ba ka ce komai a kan takun abokin karawarka ba, ko ka ji ka ce "Allah ya sa kar ya gani". Duk takun da aka gina a kan fatan kar ya gani, takun ɗan koyo ne ko da ya yi nasara a ranar. Matsakaici yana ɗauka abokin wasa zai ga komai, sai ya nemi takun da zai tsaya ko an gani.

Injin kuwa, wato Stockfish, manhajar nazarin wasa da ke cikin Lichess da Chess.com, shi ne na ƙarshe da za ka buɗe. Tun 1997 da kwamfutar Deep Blue ta ci Kasparov, zakaran duniya na lokacin, aka san na'ura ta kamo mutum, na yau kuma sun wuce kowa. Amma injin ba ya gaya maka dalili, lambar da ke nuna wa ke gaba kawai yake ba ka. In ka fara da shi za ka ce "oho ashe doki ne", ka wuce ba ka koyi komai ba. Bi wasan da kanka tukuna, ka sa alama a wuri biyu ko uku da kake zargi, sannan ka bar injin ya nuna maka wanda ya tsallake maka. Kuma ka mai da hankali kan manyan faɗuwa, inda lambar ta yi tsalle da 2 ko 3, ka ƙyale bambancin 0.3, wannan rigimar manya ce.

Bari in ce wani abu a gefe tunda na san za a tambaya. Malamai sun yi magana a kan hukuncin wannan wasa kuma akwai saɓani a tsakaninsu, kowa ya tambayi malamin da ya aminta da shi. Inda ba su saɓa ba shi ne sa kuɗi da barin sallah ta wuce. In an kira sallah a tashi, allo ba ya gudu, kuma kar a fara wasan minti 15 a waya ana gab da tayar da iƙama.

Ƙarshen wasa, inda ba a ɓoye rashin sani

Share allo, bar sarkin fari a e5, sojansa a e4, sarkin baƙi a e7. Ɗan koyo soja yake turawa da zarar hanya ta buɗe don shi sarauniya yake hange, har ya kai e7 sarkinsa ya biyo e6, sarkin baƙi yana e8 ba cek kuma ba inda za shi, canjaras, wasan da yake ganin ya ci ya zube. Matsakaici ya san sarki ne ke shiga gaba soja ya biyo baya. Gwani kafin ya ce komai tambaya zai yi, waye da taku? In baƙi ne da taku dole ya kauce, ya je d7 sarkin fari ya shige f6, ya je f7 ya shige d6, fari ya ci. In fari ne da taku kuma baƙi ya san aikinsa, ya riƙa tsayawa sarki na fuskantar sarki da gida ɗaya a tsakani, canjaras ne. Kuma wannan sanin ba a ƙarshe kawai yake masa aiki ba, tun ana tsakiyar wasa yake lissafin in na yarda aka yi musayar komai, wace irin ƙarshe zan faɗa. Ku buga wannan wurin ku biyu, ku riƙa musayar launi da musayar mai fara taku har sai kowa ya iya cin na ci ya kuma riƙe na canjaras.

Tambaya ɗaya za ka ara a lokaci guda

Kar ka kwaso duka ka ɗora wa kanka, agogo zai cinye ka kana tsakiyar jerin tambayoyi. In har yanzu kana ba da 'ya'ya kyauta, tambayarka biyu ce kawai, me takunsa na ƙarshe yake nema, kuma gidan da zan ajiye ɗan nan wa yake kallonsa. Ka zauna a kan hannunka in ta kama har sai ka amsa su. In wannan ya zama jiki sai ka ƙara duba duk cek da duk ci da duk barazana, naka da nasa, kuma ka daina buga takun farko da ya zo maka, ka nemo na biyu ka auna su, a wannan matakin ne fozul kullum yake biya, fok na doki, wato hari a kan 'ya'ya biyu a lokaci guda, da ɗaure ɗa a gaban sarki da kisan layin baya har idonka ya riƙa ganinsu da kansa. Tambayoyin gwanaye, wane ɗa ne nawa ya fi zaman banza, wace musaya ce za ta amfane ni, me yake shirin yi nan da taku uku da zan hana tun yanzu, suna nan suna jiranka, amma ba za su cece ka ba in doki yana rataye.

Yadda za ka san lokacin hawa ya yi, buɗe wasanninka 10 na ƙarshe masu dogon lokaci ka ƙirga a nawa ne ka ba da ɗa a taku ɗaya ba tare da an yi maka wata dabara ba. In ya wuce biyu, zauna a kan tambayoyin farko wata guda ka sake ƙirgawa. In bai wuce ba, ɗauki wasan da aka ci ka ba ka san ta ina aka bi ba, shi za ka kai zaman mutum uku na gaba.